Ƙusoshin Hewatt: abin da ɗalibai biyu suka tarar a kan duwatsun Monterey bayan shekara 60

A garin Pacific Grove da ke bakin Tekun Fasifik, cikin jihar Kalifoniya ta Amurka, akwai wani tsinin ƙasa mai duwatsu da ya kutsa cikin ruwa, a kansa kuma akwai 'yan gine-gine na Jami'ar Stanford. Wannan ita ce tashar nazarin teku ta Hopkins. An buɗe ta a 1892, shekara guda bayan buɗe jami'ar kanta, da kuɗin wani attajiri mai suna Timothy Hopkins, kuma babu tashar da ta girme ta a duk gaɓar Amurka ta yamma. Da farko tana wani gefe ne na garin da ake kira Lovers Point, sai a 1917 aka dawo da ita inda take yau, a kan mashigin ruwan Monterey.

Wanda ya saba da gulbi ya san ruwa na cika sau ɗaya ne a shekara, da damina, ya janye da rani. Teku a can ba haka take ba. Sau biyu take tumbatsa a kowace rana, sau biyu take janyewa, saboda jan da wata da rana ke yi mata. Tsakanin iyakar tumbatsa da iyakar janyewa akwai wani ziri na duwatsu wanda yanzu yana ƙarƙashin ruwa, an jima kaɗan yana shan iska da rana. Halittun da ke manne a wannan ziri, irin su dodon koɗi da kumba da ƙananan kaguwa da wasu dabbobi masu kama da fure, ba su da inda za su gudu in zafi ya yi yawa. Ko su jure ko su mutu, wasu su maye gurbinsu. Shi ya sa masana ke ɗaukar wurin kamar allo: duk abin da yanayi ya rubuta, a nan ake fara karanta shi.

Ƙusoshi da guga

A 1931 wani ɗalibi mai neman digirin digirgir, Willis Hewatt, ya ja layi a kan duwatsun da ke gaban tashar, daga can sama inda feshin ruwa kaɗai ke kaiwa har zuwa ƙasa inda teku ke tsayawa in ta janye iya janyewa. Tsawon layin yadi 108. Ya huda dutse ya kafa ƙusoshin tagulla don kada layin ya ɓace masa, ya raba shi gida-gida, kowane gida yadi ɗaya tsawo yadi ɗaya faɗi, sannan ya duƙa yana ƙirga duk wata dabba da ke ciki. Ya yi ta wannan aiki har 1933. Ba maganar ɗumamar yanayi ce ta kai shi ba, don a lokacin ba ta cikin abin da ke damun masu nazarin teku. So yake kawai ya san wa ke zaune a sama, wa ke zaune a ƙasa, da abin da ya raba su. Ya koma Texas ya ci gaba da koyarwa, ya buga sakamakonsa a 1937. Ƙusoshin suka zauna a dutse, ciyawar teku ta rufe su.

Akwai abu biyu da suka faru a gefe, waɗanda ba don su ba da ƙirgar Hewatt ba ta wuce takardar ɗalibi da ke shan ƙura a laburare ba. Na farko guga ne. Tun 1919 ake ɗiban ruwa a bakin tashar kowace rana, a tsoma ma'aunin zafi, a rubuta abin da ya nuna. Aiki ne da ba ya sa a san mutum, ba kuma wanda ya taɓa samun lambar yabo a kansa. Amma dai an yi ta yi, ƙarƙashin wani shiri da cibiyar Scripps ta kudancin Kalifoniya ke haɗa alƙalumansa.

Na biyu wata dattijuwa ce, Julia Platt. Masaniyar dabbobi ce da ta yi digirin digirgir a Jamus a 1898, ta dawo ba ta samu gurbin koyarwa a jami'a ba, ta zauna a Pacific Grove. A zamaninta masana'antun sa kifin sardin a gwangwani sun jeru a bakin ruwa daf da tashar, suna zubar da kayan cikin kifi da kawunansa cikin mashigin, wari ya ishi gari. Platt ta yi ta faɗa da su ba ta yi nasara ba. Da aka zaɓe ta magajiyar gari a 1931, tana da shekara saba'in da 'yan kai, sai ta bi ta wata hanyar: ta sa hukumar jiha ta ba garin iko da bakin ruwansa, aka kuma keɓe duwatsun gaban tashar a matsayin wurin da ba a ɗibar komai sai don bincike. Wato a shekarar da Hewatt ya kafa ƙusoshinsa, a shekarar aka hana masu tsintar abin miya da masu yawon buɗe ido taɓa wurin. Ba wanda ya tsara haɗuwar nan, sa'a ce.

Komawa kan layin

Chuck Baxter malami ne da ya daɗe yana koyarwa a tashar, yana kai ɗalibai kan duwatsun nan shekara da shekaru. Yana cikin mutum huɗun da suka fara tunanin mayar da tsohuwar masana'antar gwangwani ta Hovden, wadda ta rufe a 1973, ta zama gidan kallon halittun teku na Monterey da aka buɗe a 1984. Amma abin da ya shafe mu a nan idonsa ne. Kowa ya daɗe ya ga daɗau, kuma shi ya lura cewa duwatsun ba kamar yadda ya fara saninsu suke ba. Wanda ya fi tsole masa ido wani irin dodon koɗi ne da masana ke kira Serpulorbis. Wannan ba ya yawo kamar 'yan uwansa. Yana manna ƙwansonsa ne a dutse, farin bututu a murɗe kamar igiya, ya saki zaren yauƙi cikin ruwa ya kamo 'yan ƙwayoyin abinci, sannan ya janyo ya haɗiye. Dabbar kudu ce, ta ruwan ɗumi. Ga ta kuma ta cika duwatsun Monterey. Ruwa ba ya tsami banza.

Matsalar ita ce tunanin dattijo ba hujja ba ce a kimiyya. "Da can ba haka yake ba" magana ce da kowane tsoho ke faɗi, wani lokaci da gaskiyarsa, wani lokaci kewar ƙuruciya ce kawai. Baxter ya san akwai takardar Hewatt. A 1993 wasu ɗalibai biyu masu digirin farko, Rafe Sagarin da Sarah Gilman, suka ɗauki aikin, shi yana duba su tare da Jim Barry na MBARI, cibiyar binciken teku ta gidan kallon halittun teku na Monterey.

Sai da suka fara neman ƙusoshin. Ƙusa ce da ba ta fi kan yatsa ba, a cikin fili na duwatsu masu santsi da ciyawa ta lulluɓe, bayan shekara 60. Da taimakon bayanan da Hewatt ya bari suka gano su, suka ja igiya, layin ya dawo daidai inda yake. Daga nan aiki ya koma na gwiwa da yatsa. A ɗora firam na yadi ɗaya a kan dutse, a ɗaga ciyawa, a leƙa kowace tsaga, a ƙirga ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su kai ƙwayar gero biyu ba. Teku kuwa ba ta jiran kowa. A wannan gaɓa, da bazara janyewa mai kyau da sassafe take zuwa, wani lokaci tun kafin gari ya waye, da hunturu kuma sai yamma lis. Mai ƙirga yana da 'yan awanni ne kafin ruwa ya dawo, ruwan kuma mai sanyi ne da ke daskarar da hannu, ga igiyar ruwa da dole a riƙa sa mata ido ta baya. Sun kuma yi ƙoƙarin bin hanyar Hewatt sak, ba tare da gyara masa ba, don in ka canza mudu ba ka da bakin cewa hatsi ya ragu.

Sun kasa dabbobin kashi uku. Na kudu su ne waɗanda iyakarsu ta arewa ba ta wuce tsinin Mendocino da ke arewacin Kalifoniya ba. Na arewa su ne waɗanda ba sa gangarawa kudu da tsinin Conception da ke kudancin jihar. Sauran kuma 'yan ko'ina ne, ana samunsu sama da ƙasa. Monterey tana tsakiya, don haka duka ukun suna haɗuwa a kanta.

Sakamakon farko ya fito a mujallar Science a 1995, da sunayen Barry da Baxter da Sagarin da Gilman. Cikin jinsuna tara na kudu, takwas sun ƙaru. Cikin takwas na arewa, biyar sun ragu. 'Yan ko'ina ba su nuna wata alkibla ba. Da aka faɗaɗa aikin zuwa gida 57, aka buga cikakken rahoto a 1999, hoton bai canza ba: cikin jinsuna 62 da aka ƙirga, yawan 46 ya sauya, 10 cikin 11 na kudu sun ƙaru, 5 cikin 7 na arewa sun ragu, 'yan ko'ina kuwa 12 sun hau 16 sun sauka. Serpulorbis ɗin da ya cika wuri, Hewatt bai rubuta ko ɗaya a layinsa ba.

Sai aka buɗe littafin guga. Cikin shekara 60 ɗin, zafin ruwan bakin tashar ya ƙaru da digiri 0.79 a ma'aunin Salsiyos, na lokacin zafi kuma ya kai kusan digiri 2 sama da na zamanin Hewatt. Wanda ya saba da zafin watan Afrilu zai iya yin dariya a ce masa ƙasa da digiri ɗaya. Amma ruwan Monterey galibi tsakanin digiri 10 da 15 yake wasa duk shekara, kuma dabbar da ba ta da ɗumin jiki nata na kanta, abin da ruwa ya ce shi ne zafin jikinta. Lokacin haihuwarta, girman 'ya'yanta, ko ƙananan tsutsotsinta za su rayu har su manne a dutse, duk suna rataye a kan wannan 'yar tazara.

Rahoton ya yi suna, don a 1995 yawancin maganar ɗumamar yanayi hasashe ne na kwamfuta game da abin da zai faru nan gaba. Wannan kuwa ƙirga ce ta abin da ya riga ya faru, a wuri guda, da dabbobin da za ka iya ɗauka a tafin hannu.

Inda hujjar ke da rauni

A ganina a nan ne lamarin ya fi daɗin nazari, domin Monterey ta 1993 ta bambanta da ta 1931 ta fuskoki da yawa da ba ruwansu da zafi.

Ɗauki karen ruwa na teku. Mafarautan fata sun kusa ƙarar da shi a ƙarni na 19, har aka ɗauka ya ƙare a Kalifoniya, sai a 1938 aka ga wani garke a gaɓar Big Sur. Lokacin da Hewatt ke ƙirga, babu shi a gaban tashar. Ya dawo ne a shekarun 1960, kuma dabba ce mai ci kamar gara: a rana takan cinye abin da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinta, kaguwa da kumba da bushiyar teku, wata dabba mai ƙaya da ke cin ciyawar ruwa. Da ya rage bushiyar teku, sai dogayen ciyayin ruwa da take cinyewa suka dawo suka yi daji, dajin kuma ya rage ƙarfin igiyar ruwa da ke dukan duwatsu. Ga kuma masana'antun sardin. A shekarunsu na ganiya ana sauke sama da tan 200,000 na kifi a Monterey a kaka guda, kafin kifin ya ɓace a ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon 1950. Ruwan da Hewatt ya tsoma hannu a ciki ruwa ne mai ƙazantar masana'anta, na Sagarin da Gilman kuwa ya tsarkaka. Sannan an yi El Niño gab da fara ƙirgar, abin da kan turo ruwan ɗumi da halittun kudu zuwa arewa na ɗan lokaci.

Masu binciken ba su ɓoye ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sun bi su ɗaya-ɗaya, kuma amsarsu mai ƙarfi ita ce: karen ruwa ba ya tambayar kaguwa ko 'yar kudu ce ko 'yar arewa kafin ya ci ta, ƙazanta ma haka. In da su ne musabbabi, da hawa da saukar sun watsu ba tsari. Abin da ya tsara su bisa asalin kudu da arewa dole ya zama abin da ke da kudu da arewa a cikinsa. Wannan hujja ta gamsar da ni. Sun kuma rubuta abin da bai goyi bayansu ba: wata ciyawar teku mai suna Pelvetia, wadda ta fi yawa a ɓangaren kudu na mazauninta, maimakon ta ƙaru sai ta ragu ƙwarai.

Raunin da ba ya gyaruwa shi ne ƙirga biyu ce kawai, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, tsakaninsu shekara 60 na duhu. Tekun Fasifik tana da wani juyi nata na dogon zango, takan yi shekaru ashirin ko talatin gaɓar Amurka na da sanyi, sannan ta juya. An yi irin wannan juyi zuwa ɗumi a 1976 da 1977, aka sake komawa sanyi-sanyi bayan 1998. Wanda ya ga mutum ranar suna bai sake ganinsa ba sai ranar aurensa zai iya cewa ya girma, amma ba zai iya ba da labarin ciwon da ya yi a tsakani ba. Ƙirga biyu ba za su raba maka nawa ne na juyin teku, nawa ne na ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ba. Maganin wannan ɗaya ne, a ci gaba da komawa, kuma tun daga lokacin ana komawa layin Hewatt ana sake ƙirgawa.

Wani gyaran ya zo ne daga ɗakin gwaji da ke 'yan taku kaɗan daga duwatsun. George Somero da ɗalibansa sun shafe shekaru a tashar suna auna iyakar zafin da waɗannan halittu ke iya ɗauka. Ɗaya daga cikinsu, Jonathon Stillman, ya riƙa ɗumama ƙananan kaguwa a hankali yana sauraron bugun zuciyarsu har ta tsaya. Abin da ya gano ya saɓa wa zato: jinsunan da suka fi jure zafi, masu zama can sama inda rana ke dukansu, su ne suka fi kusa da iyakarsu, kuma su ne ba su da sauran wurin ƙarawa. Brian Helmuth kuma ya dasa na'urorin auna zafi masu siffar kumba a cikin kumba na gaske, daga Kalifoniya har jihar Washington, ya nuna a 2002 cewa ba lallai kudu ta fi arewa zafi ga dabbar da ke manne a dutse ba. A wasu wurare na arewa, janyewar teku ta lokacin zafi da tsakar rana take faɗowa, dabba ta gasu a fili, alhali a tsakiyar Kalifoniya da sanyin safiya take zuwa. An ga gaskiyar wannan a ƙarshen Yunin 2021, lokacin da wani matsanancin zafi ya haɗu da janyewar tsakar rana a gaɓar Washington da yammacin Kanada, kumba suka dahu a cikin ƙwansonsu, bakin teku ya yi ta wari. Ashe labarin bai tsaya ga "na kudu na hawowa arewa" ba.

Me ya sa sai a tasha

Abin lura shi ne ba wani babban shiri mai tarin kuɗi ne ya haifar da wannan bincike ba. Ɗalibi ne ya fara shi, ɗalibai ne suka kammala, malamin da ya haɗa su kuma koyarwa ce sana'arsa. Tashar ta daɗe da al'adar ɗaukar ɗaliban digirin farko su bar harabar jami'a su tare a bakin teku zango guda, kowa ya zaɓi tambayarsa, ya fita ya auna, ya rubuta rahoto, a ajiye a laburare. Yawancin rahotannin ba wanda zai sake buɗe su. Amma kowanne yana ɗauke da rana da wuri da adadi, kuma ba a san wanda wani zai zo nema ba bayan shekara 50. Ɗalibin da ya koyi bambanta dodon koɗi goma masu kama da juna da hannunsa, cikin sanyi, ya samu abin da allo da majigi ba sa bayarwa, ita kuma tashar ta samu idanu da hannaye da ba ta da kuɗin ɗauka haya.

Sai dai irin waɗannan wurare suna da tsada, kuma amfaninsu ba ya nunawa a kasafin shekara guda. Gishiri na cin ƙarfe da bango, famfunan da ke jawo ruwan teku zuwa tankuna ba sa hutawa, ɗalibai kaɗan ne ke amfana a lokaci guda. Akwai wata tasha a Port Erin, a tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ailan, sa'ar Hopkins ce don ita ma a 1892 aka buɗe ta. Jami'ar Liverpool ta rufe ta a 2006. A Plymouth ta Ingila, inda Alan Southward ya fara bin sawun ƙananan halittun duwatsu tun shekarun 1950 yana nuna yadda na ɗumi da na sanyi ke karɓa-karɓa, an yanke kuɗin dogayen aune-aune a ƙarshen shekarun 1980, daidai lokacin da ruwan yankin ya fara ɗumama da sauri. An dawo da su daga baya, amma giɓin yana nan a cikin alƙaluma, ba kuma kuɗin da zai sayo zafin ruwan ranar da ba a auna ba.

Daga 2014 zuwa 2016 wani ƙaton curin ruwan ɗumi ya kwanta a arewa maso gabashin Fasifik, El Niño mai ƙarfi kuma ya zo ya ƙara masa. Jajayen kaguwa da aka saba gani a ruwan Meziko suka yi ta fitowa tuli-tuli a rairayin Monterey. Can arewa da San Francisco, a tashar Bodega ta Jami'ar Kalifoniya, Eric Sanford da abokan aikinsa suka rubuta jinsunan kudu 67 da suka bayyana a yankinsu cikin waɗannan shekaru, 37 daga ciki ba a taɓa ganinsu sun kai arewa haka ba. Sun iya cewa "ba a taɓa" ne saboda akwai waɗanda suka riga su tafiya a kan duwatsun, suka rubuta abin da suka gani da ranar da suka gan shi. Da ruwan ya huce, da yawa daga cikin baƙin sun mutu ko sun ɓace, wasu kuma suka zauna har suka hayayyafa.